Kifin Siyam a Hunturun Kano

Wata Asabar cikin watan Disamba, gwaggon yarinyar ta iso Kano daga Abuja ɗauke da tsarabar da ba a taɓa shigo da irinta gidan ba: kwalba mai kumburarren ciki, ruwanta bai wuce lita ɗaya ba, da kifi tilo yana shawagi a ciki. Tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba. Launinsa shuɗi ne mai duhu, irin na yadin da aka tsamo daga karofi, jelarsa kuwa a baje take kamar an saki gefen mayafi cikin ruwa. Mai shagon da ya sayar da shi ya tabbatar wa gwaggo abu uku. Ba ya buƙatar na'ura, ba ya buƙatar fili, kuma a ƙasarsu ta asali ma cikin ruwan da ya taru a sawun ɓauna yake rayuwa. Sunansa beta, in ji shi, kifin faɗa na Siyam.

Yarinyar shekararta tara. Sunan kakarta ta ci, don haka mahaifinta ba ya kama sunanta, sai dai ya ce Mamana. Shi kuwa mai harhaɗa magunguna ne, mutumin da ya shafe shekara goma sha biyar yana awo da miligiram, wanda ba ya miƙa wa kowa kwalbar magani sai ya tambayi shekarun mai sha da nauyinsa. Amma da aka miƙo masa wannan kwalbar bai tambayi komai ba. Ya ɗora ta a bakin tagar falo, inda hasken rana zai fito da launin kifin, kowa ya yaba, aka ci gaba da hira.

Babu wanda ya yi wa kifin sakaci a gidan. Yarinyar na zuba masa abinci duk sa'ad da ta gifta, don kada ya ji yunwa. Mahaifiyarta, wadda ba ta ƙaunar ganin ƙazanta, takan juye shi a kofi kowace Lahadi, ta wanke kwalbar da sabulu har ta yi ƙyalli, ta cika ta da sabon ruwan famfo. A mako na biyu ya daina baje jela. Launinsa ya dusashe, ya koma kwanciya a gindin kwalbar, sai jefi-jefi ya taso ya kurɓi iska ya sake nutsewa. A safiya ta goma sha tara, lokacin da hunturu ya tsananta har taɓa ruwa da asuba ya zama aiki, aka same shi a gicciye, babu motsi.

"Abba, me ya kashe shi?"

"Kwanansa ne ya ƙare, Mamana."

Ta yi shiru jim kaɗan, sannan ta ce, "To me ya sa kwanan nasa ya ƙare da wuri haka?"

Bai amsa ba. Ya sani sarai cewa a wurin aikinsa, idan magani ya illata wani, ba a rufe magana da wannan amsar sai an duba abin da aka ba shi da yawan da aka ba shi. A daren ya zauna ya fara karatu. Abin da ya fara ganowa shi ne kowace ɗaya cikin maganganu ukun mai shago tana da ƙwayar gaskiya a cikinta, kuma wannan ƙwayar ce ta ba ƙaryar gindin zama.

Inda kifin ya fito

Asalin beta ƙasar Tailan ce, wadda a da ake kira Siyam, musamman shimfiɗaɗɗen kwarin kogin Chao Phraya, da kuma yankunan da kogin Mekong ya ratsa. Gidansa fadamun shinkafa ne da dausayi da magudanan ruwa masu tafiya a hankali, cike da ciyawa da ruɓaɓɓen ganye. Gaskiya ne ruwan ba shi da zurfi, wani lokaci bai kai gwiwa ba. Amma yana da faɗi, yana da ɗumi duk shekara, damina kuma tana sabunta shi. Sawun ɓaunar da ake ambato halin ƙarshen rani ne, lokacin da fadama ta janye ta bar kifi a maƙale yana jiran ruwan sama ko ajali. Wanda ya ɗauki wannan a matsayin mazaunin kifin, daidai yake da wanda ya hangi mutum a kan rufin ɗaki ranar ambaliya ya ce can yake kwana.

Mutanen Tailan suna kiransa pla kat, wato kifi mai cizo. Wani binciken ƙwayoyin gado da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa an fara kiwonsa sama da shekara 1,000 da suka wuce. Da farko don faɗa aka riƙa zaɓarsa, ana haɗa maza biyu ana caca a kansu, daga baya ne hankalin masu kiwo ya karkata ga launi da tsawon jela. Likitan nan ɗan ƙasar Denmak, Theodore Cantor, ya bayyana shi ga masanan Turai a 1849, sannan masanin kifaye na Ingila, Charles Tate Regan, ya raɗa masa sunan kimiyyar da yake ɗauke da shi har yau, Betta splendens, a 1910. A 2019 Tailan ta ayyana shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa. Wannan tarihin faɗa ne ya haifar da ƙananan kofunan da ake gani a shaguna. Maza biyu ba sa zama wuri ɗaya, don haka mai shago ke ware kowanne a nasa kofin kafin a saya. Mai saye kuwa sai ya ga ɗakin jira ya zaci gida ne.

Abin da ke ba shi ikon jure kofi da kwalba wata gaɓa ce a cikin kansa, a saman jajayen gaɓoɓin numfashin da kowane kifi ke da su a ƙarƙashin kumatu. Naɗe-naɗen siraran ƙasusuwa ce lulluɓe da fata mai yawan jijiyoyin jini, wadda ke ba shi damar zuƙar iskar sarari kai tsaye. Bahaushe ya san irin wannan baiwa. Tarwaɗa tana da gaɓa mai irin wannan aiki, shi ya sa take yini da ranta cikin baho mai ɗan ruwa a kasuwa, bayan karfasa ta daɗe da mutuwa. Gaiwa kuma takan binne kanta a laka ta wuce rani ɗungurungum, har ake cewa jikinta take ci. Duk da haka babu mai kiwon tarwaɗa da zai ce baho ne gidanta. Juriyar beta ce ta ja masa wahala. Wani kifin, da za a sa shi a kwalba, cikin kwana ɗaya ko biyu zai mutu, mai shi ya gane kuskurensa nan take. Beta kuwa sai ya yi makonni ko watanni yana ƙarewa a hankali, mai kallo yana zaton lafiya lau yake tunda yana numfashi.

Abin da ya faru cikin kwalbar

Abu uku ne suka haɗu suka kashe kifin farko, kuma babu ɗaya a cikinsu da ido ke gani.

Na farko amoniya ce. Kifi yana fitar da ita ta gaɓoɓin numfashinsa dare da rana, kashinsa da ragowar abinci kuma suna ruɓewa su ƙara wata. Ba ta da launi, don haka ruwa na iya kasancewa garai-garai alhali ya zama guba. Tana ƙona gaɓoɓin numfashi da fata, dafinta kuma yana ƙaruwa idan ruwa ya yi ɗumi ko ya karkata ga ɗabi'ar kanwa. Lissafin irin na aikinsa ne na kullum. Ƙazantar da kifi ɗaya ya fitar a yini, idan ta narke a lita 1, ƙarfinta ya ninka na wadda ta narke a lita 20 har sau ashirin.

Na biyu sanyi ne, ko kuma a ce hawa da saukar zafi. Jikin kifi ba ya samar da ɗumin kansa, zafin ruwan da yake ciki shi ne zafin jininsa. Beta yana son digiri 24 zuwa 28 a ma'aunin Selshiyas, kuma yana son ya tsaya wuri ɗaya. Idan ruwa ya yi sanyi, narkar da abinci kan ragu, garkuwar jiki ta yi rauni, cuta ta samu ƙofa. A watan Janairu kuwa zafin sararin Kano da dare yakan sauka zuwa wajen digiri 13. Mahaifin ya sake cika kwalbar da ruwa, ya mayar da ita bakin tagar, ya tsoma ma'aunin zafi. Da asuba ya karanta 17. Da la'asar, rana na dukan gilashin, ya karanta 28. Ruwa kaɗan ba ya riƙe ɗumi, kamar yadda shayi a kofi ke rigan na tukunya hucewa.

Na uku tsaftar Lahadi ce. Kulorin da ake sa wa ruwan famfo don kare lafiyar mutane yana lalata gaɓoɓin numfashin kifi, ragowar sabulu kuma tana cire santsin da ke kare fatarsa. Ga kuma girgizar fitar da shi daga tsohon ruwa a jefa shi cikin sabo mai sanyi a lokaci guda.

Da ya gama haɗa wannan, sai ya kira 'yarsa ya nuna mata lambobin da ya rubuta.

"Mamana, amsar da na ba ki rannan ba ta cika ba. Sanyi da gurɓatar ruwa ne suka kashe shi."

Idanunta suka ciko. "Ni ce na cika masa abinci, ko?"

"Ke kin ba shi abinci, Ummanki ta wanke masa kwalba, ni na ajiye shi a taga. Kowa alheri ya nufa. Amma a cikinmu ni ne ya kamata in yi tambaya tun ranar farko, ban yi ba."

Bayan kwana biyu ta ce tana son wani. Ya amince bisa sharaɗi ɗaya: sai an gama ginin gida kafin a gayyato baƙo.

Zaɓen mazauni

Mafi yawan ƙwararrun masu kiwon kifin ado sun tsaya a kan cewa mafi ƙarancin abin da ya dace da beta guda shi ne galan biyar na Amurka, wato kusan lita 19. Mahaifin ya ba wani mai aikin gilashi awon akwati mai tsawon santimita 40, faɗi 25, tsayi 25, wanda ke cin lita 25, kwatankwacin babbar jarka ɗaya ta 'yan ga-ruwa. Ya jaddada masa cewa ya liƙe shi da gam ɗin silikon zalla, saboda irin wanda ake sa wa banɗaki yakan ƙunshi maganin hana fumfuna, wanda guba ne ga kifi. Da aka kawo akwatin, sai da ya cika shi da ruwa ya bar shi a tsakar gida kwana guda don ya tabbatar ba ya yoyo.

Siffar akwatin tana da muhimmanci kamar girmansa. Mai tsawo a kwance ya fi mai tsayi a tsaye, domin beta yana hawa sama shan iska sau da yawa a kowace sa'a, kuma doguwar jelar da mutane suka ƙawata shi da ita kaya ce yake ja. Faɗin fuskar ruwa kuma shi ne ƙofar da iskar oksijin ke shiga. Murfi wajibi ne, saboda kifin gwanin tsalle ne, amma sai a bar tazarar yatsa biyu ko uku tsakanin ruwa da murfin don ya samu abin shaƙa. A hunturu murfin yana da ƙarin amfani, yana tare ƙura, yana rage ƙafewar ruwa, yana kuma riƙe ɗumi da laima a iskar da kifin ke zuƙa.

Wurin ajiyewa ma sai da aka yi shawara a kansa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka akwatin da gilashinsa da tsakuwarsa ya haura kilo 30, yana buƙatar tebur mai ƙwari wanda samansa ya daidaita. Suka zaɓi wata kusurwa nesa da taga, nesa da bakin na'urar sanyaya ɗaki, kusa da soket. Ya bar kowace waya ta lanƙwasa ƙasa kafin ta hau zuwa soket ɗin, ta yadda ko ruwa ya biyo ta zai ɗiga a ƙasa.

Na'urori uku ya saya. Ta farko matata ce ta soso, wadda ɗan ƙaramin injin hura iska ke tafiyar da ita. Ta fi dacewa da beta saboda ba ta tayar da igiya, shi kuwa kifin ruwan kwance ne, ruwa mai ƙarfi yana gajiyar da shi. Ta biyu hita ce mai wat 25, irin mai kashe kanta idan ruwa ya kai zafin da aka saita. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce wajen wat ɗaya ga kowace lita. Abokan aikinsa sun yi dariya da jin an sayi abin ɗumama ruwa a Kano, sai ya nuna musu lambar 17 ɗin nan. Ta uku ma'aunin zafi ne mai zaman kansa, domin hita na iya lalacewa ba tare da ta sanar da kowa ba. Batun ɗauke wuta kuwa, ya zaɓi injin iska mai amfani da wayar USB, wanda batirin cajin waya ke iya riƙewa na sa'o'i, ya kuma tanadi tsohon bargo na lulluɓe akwatin a daren sanyi. Nan ma yawan ruwa taimako ne, lita 20 ba ta hucewa da saurin lita ɗaya.

Kiwon ruwa

Sashe mafi wuya ga 'yar shekara tara shi ne jira. Sabon akwati, komai kyansa, bai zama wurin zama ba sai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani sun kafu a sosonsa da tsakuwarsa. Rukuni na farko, irin su Nitrosomonas, suna mayar da amoniya zuwa naitirait, wanda shi ma guba ne, domin yana hana jini ɗaukar oksijin. Rukuni na biyu, irin su Nitrospira, suna mayar da naitirait zuwa naitiret, wanda illarsa kaɗan ce, tsirrai suna shan wani kaso, canjin ruwa kuma yana kwashe saura. Kafuwar waɗannan rukunoni kan ɗauki mako huɗu zuwa shida. Akan rage lokacin idan aka samu guntun soso daga akwatin da ya daɗe yana aiki lafiya.

Suka wanke tsakuwa da ruwa zalla, cikin sabon bokitin da aka haramta wa sabulu har abada. Suka cika akwatin, suka ɗiga maganin kashe kulorin. Ajiye ruwa a buɗe kwana guda yakan sa kulorin ya fice da kansa, amma ɗan'uwansa kuloramin ba ya fita ta haka, don haka maganin ya fi tabbas. Ruwan burtsatse ba shi da kulorin, sai dai shi ma yana buƙatar gwaji. Beta ya fi sakewa a ma'aunin pH na 6.5 zuwa 7.5, kuma ruwan da ya tsaya a lamba ɗaya ya fi wanda ake ta jujjuyawa da sinadarai don neman cikakkiyar lamba.

Daga nan suka kunna matata da hita, suka fara jefa ɗan abincin kifi kullum cikin akwatin da babu kifi, don ya ruɓe ya samar da amoniyar da bakteriya za su ci. Ya yi odar kayan gwaji daga Legas, 'yan kwalabe ne da ake ɗigawa cikin samfurin ruwa, launi ya nuna adadi. Yarinyar ta ware littafi, duk bayan kwana biyu tana rubuta sakamako. A makon farko amoniya ta hau. A na uku ta fara sauka, naitirait ya hau. Mahaifiyar ta leƙa wata rana ta tarar da su sun zura wa akwatin ido, ta ce, "Wai Abban yara, kifi kuke kiwo ko ruwa?" Ya ce mata a yanzu dai ruwa ne, kuma in ruwan ya yi kyau kifi ba zai wahalar da kowa ba. A mako na biyar littafin ya nuna abin da ake jira: amoniya sifiri, naitirait sifiri, naitiret ya bayyana. Suka canza rabin ruwan don su sauko da shi ƙasa da miligiram 20 a kowace lita.

Cikin makonnin jiran ne suka ƙawata ɗakin. Beta yana son maɓoya da inuwa da faffaɗan ganye kusa da saman ruwa inda zai kishingiɗa. Furannin roba masu kaifi suna yaga jelarsa, don haka suka nemi tsirrai na gaske. Abin da ya ba mahaifin mamaki shi ne tsiron da masu wannan sana'a a duniya suka fi ba sabon shiga shawarar saye, wato Anubias, ɗan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, yana fitowa a bakin rafukan dazuzzukan kudancin Najeriya da Kamaru. Wani nau'insa, Anubias barteri, sunan Charles Barter ya ci, masanin tsirran da ya bi ayarin Baikie na binciken kogin Neja, ya rasu a 1859. Ba ya buƙatar haske mai yawa, sharaɗinsa ɗaya kada a binne kaurin gindinsa a tsakuwa, sai dai a ɗaure shi jikin dutse ko icce. A saman ruwa suka sa 'yan ƙananan kainuwa, bayan sun ware ta mako biyu a wani bokiti don kada ta shigo da ƙwari, suna rage ta duk mako don kada ta rufe wa kifi hanyar shan iska. Sai busasshen ganyen itacen almon, mai faffaɗan ganyen nan da ake shukawa a harabar makarantu da ofisoshi don inuwa. Masu kiwon beta a Tailan sun daɗe suna amfani da shi. Yana mayar da ruwa launin shayi marar kauri, irin na fadamar da kifin ya fito.

Baƙo ya iso

Da lokacin saye ya yi, yarinyar ta tafi da jerin sharuɗɗa a rubuce: kifi mai kuzari, wanda ke biyo yatsa idan an kusanto gilashi, jelarsa ba ta zagwanye ba, jikinsa babu fararen ɗige-ɗige. Namiji ɗaya tak. Ta zaɓi ja mai gajeriyar jela. A gida suka ɗora ledarsa a saman ruwan akwatin minti ashirin don zafin ya daidaita, suka riƙa ƙara masa ɗan ruwan akwatin duk bayan minti biyar, sannan suka tsamo shi da ƙaramar raga suka sake shi, suka zubar da ruwan shago. Suka kashe fitila suka ba shi wuri.

Dokar abinci ce ta fi yi wa yarinyar nauyi. Beta macin ƙwari ne, bakinsa ma sama yake kallo saboda a dawa tsutsar sauro da ƙananan ƙwarin da suka faɗo ruwa yake kamawa. Ɓarɓashin burodi ba abincinsa ba ne. Rabonsa ƙwaya uku ko huɗu na abincin da aka yi don irinsa, safe da yamma, abin da bai cinye cikin minti biyu ba a kwashe. Kowace Lahadi suna zuƙe rubu'in ruwan da siririn tiyo, tare da dattin da ya kwanta a tsakuwa, bayan sun cire hita daga wuta, su mayar da sabon ruwa mai zafi daidai da na ciki. Cike gurbin ruwan da ya ƙafe ba ya maye gurbin wannan aikin, domin ruwa ne kaɗai ke tashi sama, naitiret yana nan. Soson matata kuwa sau ɗaya a wata ake matse shi, cikin tsohon ruwan da aka zuƙo, saboda ruwan famfo zai kashe bakteriyar da aka yi mako biyar ana reno. Fitila sa'a shida zuwa takwas a yini.

Bazara ta zo da nata gwajin. A watan Afrilu ma'auni ya taɓa 31, kuma ruwa mai zafi ba ya riƙe oksijin sosai. Yarinyar ta kawo shawarar ƙanƙara, mahaifin ya tuna mata cewa sauyin gaggawa ne ya kayar da na farko. Suka musanya murfin da raga, suka saita ƙaramar fanka tana hura fuskar ruwan. Dabarar randa ce, tururin da ke tashi yana tafiya da zafi, ruwan ya sauko a hankali.

Wata safiya ta rugo ɗakinsa a firgice, wai sabulu ya shiga akwatin. Ya je ya tarar da tarin kumfa a kusurwa, ƙarƙashin ganyen almon. Sheƙa ce. Namijin beta yana kurɓar iska ya lulluɓe ta da yawu ya jera, domin a nan yake ajiye ƙwai ya yi gadinsu har su ƙyanƙyashe. Ta tambaya ko hakan na nufin yana jin daɗi. Ya so ya ce mata e, amma ya riga ya taɓa ba ta amsa mai daɗi da ba ta cika ba. Ya gaya mata cewa ko a kofin shago wasu suna gina sheƙa, don ɗabi'arsu ce, kuma shaidar da za su dogara da ita tana cikin littafinta da cin abincinsa da yadda yake yawo. Ya kuma gaya mata, tun ba ta tambaya ba, cewa irin wannan kifin shekara biyu zuwa huɗu ya saba yi, ko da an kyautata masa. Ta ce ta ji, ta ɗauko kwalaben gwaji.

Da Disamba ta zagayo, gwaggo ta sake zuwa daga Abuja. Ta tsaya gaban akwatin ta duƙa, ta leƙa ta nan ta leƙa ta can, ba ta ga komai ba sai ganye da saiwoyin kainuwa da ruwa mai launin shayi.

"Wai ina kifin yake? Wancan na kwalba ai tun daga bakin ƙofa ake hango shi."

"Gwaggo, zauna tukuna," in ji yarinyar, tana jawo mata kujera. "Sai ya ga dama yake fitowa."

Gwaggo ta zauna. A waje hazo ya rufe gari, iska na kaɗa ƙyauren taga. Ma'aunin da ke jikin gilashi yana kan 26. Can bayan wani lokaci wani jan abu ya motsa ƙarƙashin ganyen Anubias, ya ratso tsakanin saiwoyi ba tare da gaggawa ba, ya hau sama ya kurɓi iska, sannan ya juyo ya tsaya daidai fuskar gwaggo yana kallonta.